Kulob ɗinmu na keke a hanyar Gwarzo, abin da ake ciki

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Tunda ni aka liƙa wa sakatare ba tare da an ji ta bakina ba, toh bari in riƙa ajiye abin da ake ciki ko don waɗanda zasu shigo daga baya. Yau mukai zaman farko a teburin mai shayi bayan mun dawo. Mu bakwai ne: ma'aikatan banki biyu masu kekunan giya 'yan Beljiyam, tela ɗaya, malamin lissafi na wata sakandare, ɗalibai biyu, sai ni. Gaskiya kusan dukkanmu tsadar mai ce ta maido mu kan keke. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 mutane suka fara kakkaɓo kekunan da suka jingine a zaure, da lita ta haura naira 1,000 bara kuwa har masu mota sun sauko. Sai dai shi keke in ka saba dashi sai ka fara jin haushi in wani ya wuce ka, daga nan maganar tsere ta samo asali.

Abin da aka tsayar: haɗuwa a Kabuga duk Asabar da an idar da asuba, mu bi hanyar Gwarzo mu wuce sabuwar BUK da Janguza mu juyo. Kuɗin wata naira 500. Kowane irin keke ya zo, ba ruwanmu da tsadarsa. Ba a barin mutum a hanya, in tayar ɗaya tayi faci kowa ya tsaya. An tayar da maganar hular kwano, akai ta ja-in-ja, ƙarshe akace a bar ta zuwa gaba. Ni dai ban so aka bar ta ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Jiya Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli, ba zirga-zirga daga 7 zuwa 10, don haka duk ƙarshen wata Lahadi zamu riƙa fita.

Hunturu ya gwada mana kurenmu yau. Iskar daga arewa maso gabas take tasowa mu kuma yamma muka dosa, a tafiya kowa ya ga kansa gwani anata zuba gudu ana dariya, da muka juyo muka fuskance ta sai bakin kowa ya mutu. Ɗaya daga cikin 'yan bankin, wanda muka naɗa kyaftin saboda ya taɓa hawa da wasu 'yan keke lokacin yana aiki a Abuja, shi ya jera mu layi ɗaya taya bayan taya. Na gaba ya ja kamar minti ɗaya ya kauce ya sulale can baya, na biyu ya karɓa, haka haka har a zagayo. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi 30 na ƙarfin da zai kashe saboda na gaba ne ke fasa iskar, kuma wlh ana ji a cinya ba sai an faɗa maka ba. Wuyar abun ita ce yarda, dole ka amince na gabanka ba zai danna birki ba gaira ba dalili, kuma in ya hango rami zai nuna da hannu. Tela har yanzu tazarar da yake bari a daidaita sahu zai iya kutsowa ciki.

Kyaftin yace in iska daga gefe take ƙwararru karkacewa suke su cinye faɗin titin gaba ɗaya. Su an rufe musu hanya, mu kuwa da tifofin yashi muke raba tamu. An hana.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wani yaro mai kai burodi shaguna ya manne mana tun daga wajen Janguza, akan Phoenix, da akwatin burodi ɗaure a kariya, da silifas a ƙafarsa. Kyaftin ya ƙara wuta don ya yar dashi, yaro na nan. Ya sake ƙarawa har ɗaliban nan biyu suka sare, yaro na nan yana murmushi. A Kabuga muka tsare shi, kyaftin yace "kai ɗan samari a ina kake tirenin?" yace "Yallaɓai wane tirenin, aiki na fito." Mun ce ya zo ranar da bashi da kai kaya, kuɗin watansa kuma Malam mai lissafi ya ɗauke masa.

Abin da na lura dashi, irin waɗannan suna da yawa a Kano. Masu kai burodi, masu kai fiya wata, masu shigowa daga ƙauye da kaya kullum safiya. Ƙafar tana nan, ba wanda ya taɓa ce musu ana gasa da ita.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Gwajin agogo na farko. Mun auna kilomita 10 da Strava, manhajar auna tafiya, a wayoyi biyu don kar a ce an yi son kai, biyar tafiya biyar dawowa, a shimfiɗaɗɗen wuri bayan Janguza inda motoci ke da sauƙi. Ana sakin mutum ɗaya duk bayan minti ɗaya, ba laɓewa bayan kowa, kai da ƙafarka da agogo. Yanzu mun kai goma sha uku don mai burodi ya zo da abokansa.

Kyaftin minti 18 da 'yan daƙiƙu, abokin aikinsa 19, mai burodi 21, ni 24, tela 27 kuma yace sarƙarsa ce ta zame, Allah masani. An tafa, an sha shayi, amma na ga yaran nan masu Phoenix sun yi tsit. Ɗayansu yace min a gefe "Yaya, ai wannan ba mu ake gwadawa ba, keke ake gwadawa."

Malam ya ɗauko biro ya ƙirga haƙora. Babban faranti na keken yaron haƙori 44, firiwil na baya 18, taya mai inci 28 da ke cin kusan mita 2.2 a juyi ɗaya. Kenan duk zagayen feda ɗaya mita biyar da rabi yake tafiya, ko da zai juya ƙafa sau 90 a minti ba zai wuce kilomita 29 ko 30 a awa ba, nan ne ƙarshen keken. Shi kuwa kyaftin in ya saka 50 da 14, juyi ɗaya mita bakwai da rabi, da irin wannan juyin ƙafar yana kan 40. Ga nauyi kuma, Phoenix ya kusa ninka keken tsere. Ma'ana yaron ya ƙure kekensa ne, bai ƙure kansa ba. In bamu gyara wannan ba yaran nan ba zasu daɗe damu ba, ba wanda zai riƙa tashi da asuba don ya zo ya tafa wa mai kuɗi.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, tun 1 ga wata aka ɗauka. An dakatar da fitar safe. Masu iyawa suna ɗan zagaye a hankali gab da magariba su sha ruwa a gida, an hana fita da dare bayan asham saboda yawancinmu ba fitila.

Maimakon hawa sai muka koma rumfar Baba mai gyaran keke duk Asabar da hantsi yana koya mana aiki. Yadda ake faci ba tare da tayar ta cije tub ba, yadda ake ɗaure birki, yadda ake gane sarƙa ta miƙe kafin ta cinye haƙoran baya. Ya hana mu zuba baƙin man inji a sarƙa, yace shi ke kama ƙura ya zama yashi yana goge ƙarfe, a wanke da kananzir a ɗiga mai kaɗan a goge da tsumma. Ya canza wa masu Phoenix uku firiwil daga 18 zuwa 16, da kuɗin kulob. A lissafin Malam wannan kaɗai ya ƙara musu kamar kilomita 3 da rabi a awa, sai dai tashi daga tsaye zai yi nauyi, kuma mai burodi yace in ya ɗora kaya zai ji a jikinsa. Ya dai yarda a gwada.

Baba bai karɓi ko kwabo na koyarwa ba. Yace shi a zamaninsu Raleigh ake yayi, kuma ango ma akan keke yake zuwa gaida surukai.

Asabar, 12 ga Afrilu

An dawo bayan Sallah, zafi ya buɗe. Ƙarfe 8 na safe ya zamana mun sauka, in ba haka ba rana zata yi mana illa. Dokar ruwa: gora biyu kowa, ɗaya a zuba ɗan gishiri da suga ko garin ORS, da dabino a aljihu. Wani sabon zuwa ya taho ba ruwa wai shi ya saba, a hanyar dawowa jijiyar ƙafarsa ta ɗaure muka zauna dashi ƙarƙashin darbejiya har ta sake shi.

A mitin an kawo shawarar a raba aji biyu, masu giya daban marasa giya daban. Da farko kamar ta yi, amma tela yace in an raba an zama kulob biyu kenan, na masu hali da na talakawa, kuma cikin wata biyu kowa zai kama gabansa. Maganarsa ta zauna min. Kyaftin yace akwai wani tsari da ƙananan kulob ke yi a ƙasashen waje, a ba marasa gudu rata su fara tafiya, masu gudu su biyo baya suna farautarsu, wanda ya fara taka layi shi ya ci ko waye. An ba Malam aikin lissafin ratar.

Asabar, 10 ga Mayu

Yau ne mukai tseren rata na farko, kuma tunda muka fara kulob ɗin nan ban ga rana irin ta yau ba.

Kilomita 20. Malam ya ɗauki lokacin kowa na gwajin agogo na baya-bayan nan ya ninka, ya kasa mu rukuni huɗu, ya ɗan rage ratar saboda mutanen da ke tafiya tare sun fi mutum ɗaya sauri. Rukunin su tela da wani dattijo ɗan fansho da ya shigo watan jiya su aka fara saki. Bayan minti 6 namu ya tashi, bayan wasu 5 su mai burodi, sai can ƙarshe kyaftin da mutum biyu, sun tsaya kusan minti 15 suna kallon agogo suna cizon yatsa.

Abin da watanni huɗu na faɗan kyaftin bai koya mana ba, tsoron a kamo mu ya koya mana cikin minti goma. A rukuninmu mu biyar ba wanda ya tsaya gardama, kowa ya ja nasa ya kauce, wanda ya gaji ya ce a tsallake shi zagaye ɗaya aka tsallake shi, don kowa ya san in muka watse an cinye mu. A wajen juyawa muka yi kiciɓis da su mai burodi suna tahowa kai a sunkuye, nan na san ba nisa. Tela da ke barin tazarar a daidaita sahu, yau an ce manne yake da tayar dattijon nan kamar an ɗinke su. Saura kamar kilomita 3 muka kamo rukunin farko, saura ɗaya da rabi su mai burodi suka kamo mu, sai ga mutum goma sha wani abu a dunƙule ana ihu, kyaftin kuma ana hango shi a baya yana tahowa kamar zai tashi sama. Bai iso ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban ne ya ci, mai burodi na biyu, tela na huɗu, kyaftin ya shigo bayansu da daƙiƙa kamar ashirin yana haki yana cewa Malam ya zalunce shi.

Mutanen da ke bakin hanya, masu kayan miya da 'yan acaɓa, sun taru a wajen layin ba wanda ya gayyace su. Huɗu sun karɓi lambar guruf ɗinmu na WhatsApp. Dattijon yace rabon da zuciyarsa ta buga haka tun yana saurayi, muka ce Baba a dai je a auna jini kafin na gaba, yace ya ji.

An tsayar: gwajin agogo farkon wata, tseren rata tsakiyar wata, sauran Asabar ɗin tirenin.

Asabar, 24 ga Mayu

Ana can Abeokuta ana gasar wasanni ta ƙasa, kuma tseren keke na cikin wasannin da ake ba da lambar yabo. Wannan ya sa yaran suka fara tambayar ta ina ake bi a kai can. Hanyar dai ta jiha ce, sai jiha ta san da kai ta saka ka cikin tawagarta, don haka mun fara haɗa takardu: sunayen mambobi, shekarun haihuwa, lokutan da kowa yayi, da ɗan tsarin mulki shafi biyu. Na ba su labarin Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a Olamfik, a Paris 2024, har tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili dashi. Da yawansu basu ma san akwai filin tseren keke na musamman a babban filin wasa na Abuja ba, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003.

Talata, 3 ga Yuni

Ranar keke ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware ta tun 2018. Mun yi ɗan zagaye cikin gari kafin a tafi aiki, ta Ƙofar Famfo zuwa Gidan Murtala mu dawo. Ba gudu. Jibi-jibi Babbar Sallah, ba fita wannan Asabar ɗin.

Asabar, 21 ga Yuni

An faɗi. Yanzu mun haura ashirin kuma sababbi basu san layi ba, wani ya bar tayarsa ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabansa, na gaban ya ɗan kauce wa rami, shikenan. Wanda tayarsa ta gaba ta taɓu shi ke zuwa ƙasa, kullum haka ne. Mutum uku suka zube. Biyu ƙujewa ce a gwiwa da gwiwar hannu, na ukun kansa ya bugi kwalta, Allah ya sa yana cikin 'yan kaɗan masu hular kwano. Hular ta tsage gida biyu, shi kuwa ya tashi da ƙafarsa, an kai shi asibiti an duba ance ba komai.

Na ɗora hular akan teburin mai shayi ban ce uffan ba, aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu. Kyaftin ya ƙara da cewa su kansu ƙwararru sai a 2003 aka tilasta musu, bayan wani ɗan Kazakistan, Andrei Kivilev, ya faɗi a tseren Paris-Nice ya rasu. Ba a yi gardama ba wannan karon. Daga watan gobe ba hula ba tsere, kulob zai sayo na gwanjo a riƙa biya kaɗan-kaɗan, amma a duba da kyau kar a sayo wadda ta riga ta tsage ta ciki. Sabon zuwa kuma sai yayi Asabar uku a ƙarshen layi tare da Malam kafin a bar shi ya shiga tsakiya.

Asabar, 12 ga Yuli

Wata sabuwa. An gano wasu na jan ƙafa da gangan ranar gwajin agogo don a basu rata mai yawa, ranar tsere kuma sai ka ga mutum ya zama wani daban. Ba zan rubuta ko su waye ba, sun san kansu. Malam ya kawo magani: duk wanda ya shiga ukun farko a tseren rata, za a rage masa rata a na gaba ko me agogonsa ya nuna, kuma lokacin da za a yi amfani dashi shine mafi kyawun da mutum ya taɓa yi cikin wata uku. An yi ta dariya, wanda aka fi zargi shi ya fi kowa goyon baya.

Ni a ganina wannan ma alama ce mai kyau, mutum baya maguɗi a abin da bai dame shi ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Mun roƙi mai gidan kallon unguwarmu ya kamo mana ranar ƙarshe ta Tour de France, babban tseren keke na Faransa da ake yi mataki-mataki kullum, tunda ba ƙwallo, ya yarda da sharaɗin mu sayi man janareta. Tadej Pogačar ya sake lashewa. Amma yaran ba shi suke nema a allo ba, Biniam Girmay suke nema, ɗan Eritrea ɗin nan da ya ci matakai uku bara ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki, baƙar fatar Afirka na farko da ya ci mataki a gasar. Na basu labarin 2022 lokacin da ya ci mataki a Giro na Italiya, wajen murna murfin kwalba ya buge shi a ido dole ya fita daga gasar. Mai burodi yace wannan ai sammu ne. Abin da ya fi ɗaure musu kai shine yadda mutum zai kwashe yini yana fasa wa wani iska yana ɗauko masa ruwa, ya san ba shi zai ci ba, kuma a biya shi albashi akan haka. Sai da aka daɗe ana wannan muhawarar, har aka manta da tseren.

Asabar, 16 ga Agusta

Damina ta ci mana Asabar biyu. In hadari ya haɗo daga gabas da asuba ba a fita, birkin roba baya kamawa akan jiƙaƙƙen rim, ramuka kuma sun ɓuya cikin ruwa.

Ƙannen ɗaya daga cikin ɗalibanmu mata biyu sun daɗe suna cewa suma suna so. An tattauna sosai, ra'ayi ya bambanta, abin da aka cimma shine su riƙa yi ranar Lahadi cikin harabar makarantar da Malam ke koyarwa, da izinin iyaye da na shugaban makarantar, ƙarƙashin kulawar wata malama da ta iya keke tun tana yarinya. Sun fara su biyu, makon jiya an ce su shida ne. Matsalar farko hijabi da siket na shiga sarƙa, Baba mai gyara ya saka wa kekunan murfin sarƙa, su kuma suka koma dogon wando da hijabi mai tsayin gwiwa. Malamar ta ce a basu agogo suma, zasu auna zagayen filin.

Asabar, 6 ga Satumba

Wani Alhaji mai shago a kan hanyar da ya saba tsayawa kallonmu yace zai saka kuɗi ga wanda ya ci tseren wannan watan. An gode masa ƙwarai, amma bayan ya tafi aka yi zazzafan mitin. Yaran suna so, kuma ban ga laifinsu ba. Tela da kyaftin suka ce ranar da kuɗi ya shigo ranar za a fara ture juna a layi, ga shi dama mun ji ƙishin-ƙishin wasu 'yan kallo sun fara caca a kanmu. Muka koma wajen Alhaji da shawarar ya sayi kaya maimakon kuɗi, taya da tub da hular kwano da fitila, a raba har na biyar. Yace "ku kuka san harkarku", har ya ƙara da kwalin ruwa. Caca kuma an sanar a wajen layi cewa in aka sake gani zamu canza wuri.

Kuɗin wata da gudummawa sun taru har mun sayi keken tsere ɗaya na gwanjo, na kulob. Tsoho ne, giyarsa a jikin firam take, amma Baba ya duba yace ƙashinsa lafiya lau.

Lahadi, 28 ga Satumba

Gasar tseren keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko da aka kawo ta Afirka. Gidan kallo ya cika har da waɗanda ba 'yan kulob ba. Fiye da kilomita 260 ana hawa ana sauka, ga wani hawa mai shimfiɗar duwatsu da ake ta maimaitawa, mutum 30 kacal suka ƙarasa. Pogačar ya tsere shi kaɗai ya ci, Remco Evenepoel na biyu. Ni jama'ar da ke bakin titi na fi kallo, dubban mutane, kuma ƙasar da ake ɗaukar fasinja da buhuna akan keke ce kamar yadda ake yi a ƙauyukanmu. Ba ma sai an je Ruwanda ba, ga Burkina Faso nan kusa suna Tour du Faso tun 1987.

Abin da ya dame mu bayan kallon: mu ba mu da hawa. Hanyar Gwarzo shimfiɗe take, in aka kai yaranmu Jos ko wani wuri mai tudu zasu sha mamaki. Kyaftin yace a fara amfani da gadojin sama da sassafe ranar Lahadi kafin motoci su fito, a hau a sauko a sake hawa. Wasu sun ce a riƙa zuwa wajen Tiga ko sau ɗaya a wata. Ba a yanke ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

A rejista mu talatin da ɗaya ne, masu zuwa a kai a kai kamar ashirin, banda 'yan matan. Mutum biyu cikin bakwai na farko sun daina zuwa, ɗaya an canza masa wurin aiki, ɗayan yace shi motsa jiki ya zo yi ba gasa ba, kuma yana da gaskiyarsa, shi yasa daga yanzu Asabar ɗin tirenin za a riƙa ware rukunin masu tafiya a hankali da ba ruwansu da agogo.

An ba mai burodi keken kulob a gwajin farkon watan nan. Makonni biyu kawai yayi yana koyon canza giya, har yanzu yana mantawa ya sauko da ita in ya gaji, kuma sunkuyon yana sa masa ciwon wuya. Minti 17 da daƙiƙa 40. Ya karya lokacin kyaftin, kuma kyaftin ne ya riƙe agogon. Yanzu rigimar ita ce keke ɗaya ne yara huɗu ke so, Malam na ganin a riƙa karɓa-karɓa wata-wata, kyaftin na ganin a bar wa mutum ɗaya ya saba dashi in har da gaske muke so jiha ta ɗauki wani daga cikinmu. Ni ina bayan kyaftin amma na san me zai biyo baya a wajen sauran ukun. Tela ya kawo shawarar adashi na musamman don keke na biyu, an ce kowa ya je yayi tunani.

Takardunmu sun kammala, ranar Litinin ni da Malam zamu kai. Doguwar tafiyar Wudil an saka ta Lahadi 2 ga Nuwamba, kilomita 40 da wani abu zuwa, haka dawowa, an kauce wa Juma'a saboda kasuwa da motocin shanu. Alhaji ya bada motar shagonsa ta biyo mu a baya da ruwa da tayoyi. Wanda bai taɓa yin 50 a zama ɗaya ba zai hau zuwa, ya dawo a mota. Har yanzu mutum shida basu biya kuɗin Satumba ba, kuma famfon kulob yana hannun wani tun makon jiya, a dawo dashi rumfar Baba kafin Laraba.